Bauhaus ko The Sisters of Mercy: faifan farkon wa ya fi nauyi?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin faifan farko na ƙungiyar kiɗan Bauhaus da na The Sisters of Mercy wanne ya fi muhimmanci a tarihin gothic rock, wato salon kiɗan rock mai duhu da juyayi. Ni dai Bauhaus nake ba wa, amma bari in jera maka su ka auna da kanka.

Bauhaus 'yan Northampton ne a Ingila, su huɗu: Peter Murphy a murya, Daniel Ash a jita, David J a bas, ƙaninsa Kevin Haskins a ganga. Faifansu In the Flat Field ya fito a Nuwamban 1980, kuma shi ne cikakken faifai na farko da kamfanin 4AD ya fitar. Su da kansu suka tsara sautinsa, ba su ɗauko furodusa daga waje ba, kuma kunne na jin hakan. Saurari "Stigmata Martyr" da kyau. Bas ne ke jan ragamar waƙar, jitar Ash kuwa ba ruwanta da daɗin kari, sai karce da tsuwa kamar ana goga ƙarfe a kan ƙarfe, Murphy kuma yana furta addu'ar Latin da kururuwa. Jaridun kiɗa na Birtaniya sun yi wa faifan kaca-kaca, duk da haka ya haye saman jadawalin ƙananan kamfanoni. Kada ka nemi shahararriyar waƙarsu "Bela Lugosi's Dead" a cikinsa, wannan tun 1979 ta fito ita kaɗai.

First and Last and Always na Sisters, 'yan Leeds, sai a Maris 1985 ya zo, ya kai na 14 a babban jadawalin Birtaniya. A nan komai a daidaice yake. Ba mutum ke kaɗa ganga ba, inji ne da suka laƙaba wa suna Doktor Avalanche. Muryar Andrew Eldritch daga can ƙasan ƙirji take fitowa, jitar Wayne Hussey na walƙiya a samanta. "Marian" ta ishe ka misali. Wannan salon shi ne ɗimbin ƙungiyoyin baya suka kwaikwaya, ba na musun haka ko kaɗan. A shekarar ƙungiyar ta watse, Hussey da mai bas Craig Adams suka je suka kafa ƙungiyar The Mission.

To me ya sa na fifita Bauhaus? Sisters sun tarar an riga an share fili, akwai masu sauraro da gidajen rawa na wannan kiɗa suna jira. Bauhaus kuwa ba su da wanda za su bi, sai suka haɗa zafin punk, kwalliyar mawaƙi David Bowie da amon kiɗan dub na Jamaika, suka fito da abin da mutane ba su saba ji ba. Faifan nasu yana da wuraren da bai goge ba, gaskiya ne, amma ƙarfin halin da ke cikinsa har yau yana taɓa ni.

Idan za ka saurara, fara da Bauhaus, daga "Double Dare" har "Nerves", sannan ka koma kan Sisters.