Dashen Itatuwa ko Renon Kututture: Ina Majalisar Sakkwato Za Ta Sa Kuɗi?

In majalisar dokokin jiha ta zo kan kasafin yaƙi da kwararowar hamada a Illela, Gada da Tangaza, hanya biyu ce a gabanta.

Dashe shi ke ɗaukar ido. A reni dogon yaro ko ƙaro a leda wata uku zuwa huɗu, a dasa a Yuli bayan ruwa ya zauna. Matsalarsa lokaci ne: kuɗi kan fito a makare, a dasa a Satumba, saiwa ba ta yi nisa ba damina ta ɗauke. Abin da hunturu ya bari, awaki su ƙarasa. Saboda haka kasafin da ba shi da shinge, mai gadi da ban-ruwa na rani biyu, asara ce.

Renon kututture kuwa, wanda manoman Maraɗi suka yaɗa tun shekarun 1980, ba ya buƙatar leda. Kututturen sabara, kalgo ko gawo yana da tsohuwar saiwa a ƙasa. Manomi ya zaɓi tsiro uku zuwa biyar masu ƙarfi, ya sare sauran, ya datse rassan ƙasa. Gawo ma yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa. Cikas ɗinsa doka ce: in manomi bai tabbata itacen nasa ba ne, ko masu gawayi na sarewa da dare, ba zai wahalar da kansa wajen renonsa ba.

A ganinmu, dashe ya tsaya kan tudun yashi da ba kututture. A gonaki, majalisa ta fara da dokar mallakar itace.