Canjin bawul ɗin zuciya ba tare da tsaga ƙirji ba, abin da munka gani ga Baba

Aikin ga da likitoci ke ce ma TAVI gaskiya ya yi, amma kada wani ya ruɗe ku cewa ƙaramin aiki ne don ba a tsaga ƙirji ba. Baba namu ya haura 80, ga suga ga ƙoda ta fara rauni, har ta kai ko masallacin ƙofar gida ba shi iya zuwa sai ya tsaya yana haki. Nan Sakkwato anka yi mashi eko, wato hoton zuciya, a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, anka ce bawul ɗin da ke fidda jini daga zuciya zuwa babbar jijiya ya yi tauri ya tsuke, kuma jikinai ba ya ɗaukar babbar tiyata.

Indiya munka kai shi, sai da munka saida fili, kuɗin ba na wasa ba ne wallahi.

Ta jijiyar matsematsin cinya suka zura siririn bututu har zuciya, sabon bawul ɗin yana naɗe cikin ragar ƙarfe, sai su buɗe shi cikin tsohon kamar lema, tsohon ma ba a cire shi, matse shi ake yi gefe. Wani likitan Faransa, Alain Cribier, shi ya fara yin shi a 2002. Abin da ya sa munka yarda kuwa, likitan ya nuna muna binciken da anka fitar a Amurka 2010 kan waɗanda ba a iya yi ma tiyata, cikin 100 kusan 51 sunka rasu cikin shekara ɗaya in babu aikin, waɗanda anka yi ma kuma kusan 31. Kun ga ba garanti ba ne, amma tazarar da yawa.

Ku tambaya da mi anka yi bawul ɗin, don wani da fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya ake yi wani kuma ta alade, mu dai na saniya munka nema don hankalin tsoho ya kwanta.

Numfashi kam ya dawo da wuri, har Inna na mamaki. Inda na ji haushi shi ne ba su jaddada muna zancen batir mai daidaita bugun zuciya ba tun farko, ashe sabon bawul ɗin na iya danne hanyar lantarkin zuciya bugun ya yi ƙasa, haka ta faru ga Baba dole anka sa mashi batir, ƙarin kuɗi ƙarin zaman otal. Ruwan da ake ɗura ma jijiya don ɗaukar hoto ma ya taɓa ƙodar kaɗan kafin ta farfaɗo. Shanyewar ɓarin jiki da sunka ce yana iya faruwa Allah ya kiyaye.

Yanzu yana shan asfirin kullum, ana maimaita eko, ko haƙori za a cire mashi sai likitan zuciya ya sani saboda ƙwayoyin cuta na iya kama bawul ɗin. Duk mai shirin tafiya ya fara samun wanda zai riƙa duba mashi batir ɗin nan gida, mu sai da munka dawo munka fara wannan yawon.