Sojan da ya rasu ko wanda ya ɓace: wanne ya fi riƙe labarin soyayya?

Mutuwa tana rufe ƙofa. An kawo gawa, an miƙa wa matar kayansa da wasiƙar da bai samu aikawa ba, ta yi kukanta. Wani na iya shigowa rayuwarta ba tare da mai karatu ya ga cin amana ba, muddin ba a yi gaggawa ba. A sa rasuwar a sulusin farko na littafin, a bar babi 3 ko 4 na jimami. Babban kuskure shi ne mayar da mamacin waliyyi. To wane mai rai zai iya gogayya da shi?

Ɓacewa ta fi wuyar rubutawa, kuma a ganinmu ta fi taɓa zuciya. Babu kabari, babu tabbas, waya na ƙara gabanta ya faɗi. Sai dai bashi marubuci ya ci, domin mai karatu zai jira amsa. In aka dawo da sojan a babin ƙarshe don kawai a girgiza mutane, duk warkewar da aka gina mata ta rushe. Dawowarsa na buƙatar aƙalla rubu'in littafin.