Kershaw Cryo G10: Wuƙar Aljihun Da Aka Lulluɓe Wa Gefe Ɗaya

Abin da ya sa na fara kula da mariƙin wuƙa ya faru ne a wata Babbar Sallah. Ina da wata wuƙar aljihu mai naɗewa da na saya a kasuwa, wadda ba ta da sunan kamfanin da za a kama, mariƙinta kuwa ƙarfe ne zalla, sumul kamar bayan cokali. Mahauci ya gama fiɗa, muna cikin rarraba kayan ciki, hannuna duk kitse, sai na ɗauke ta domin in yanke igiyar da aka rataye cinya da ita. Ina dannawa ta juya a tafin hannuna, kaifin ya shafi gefen manuniyata, aka bar nama aka koma neman auduga. Makullinta bai saki ba, kaifinta ma ba shi da laifi. Hannu ne kawai ya rasa abin kamawa. Tun daga ranar na daina tambayar mai sayar da wuƙa irin ƙarfen ruwanta kafin in ji yadda mariƙin yake zama a hannu, kuma wannan ne ya kai ni ga Kershaw Cryo G10, wadda nake ɗauke da ita yanzu a aljihu.

Ba za a fahimci wannan wuƙa ba sai an fahimci irin makullinta, wato makullin firam. A shekarar 1980 wani maƙerin wuƙaƙe Ba'amurke, Michael Walker, ya inganta makullin da ake yi da siririn fallen ƙarfe a cikin mariƙi, wanda yake faɗawa bayan gindin ruwan wuƙa idan an buɗe ta, ya tokare shi. Daga baya Chris Reeve, ɗan asalin Afirka ta Kudu da ya koma birnin Boise na jihar Idaho, ya ga cewa babu dalilin ɓoye siririn falle a ciki, tunda ana iya tsaga gefen mariƙin kansa, a lanƙwasa tsagin zuwa ciki, ya zama shi ne makullin. Da wannan dabara ya yi wuƙarsa Sebenza, wadda sunanta yake nufin aiki a harshen Zulu. Amfanin abin a bayyane yake: sandar makullin ta fi kauri, kayan haɗi sun ragu, kuma idan mutum ya damƙe wuƙar, yatsunsa suna ƙara tura sandar zuwa inda take tokarewa. Sai dai wannan amfani yana zuwa da sharaɗi, domin gefen da makullin yake dole ne ya zama ƙarfe, titaniyom ko ƙarfe mara tsatsa, kuma ƙarfe yana da santsi.

Cryo ta asali zanen Rick Hinderer ce, maƙerin wuƙaƙe daga jihar Ohio wanda ya yi aikin kashe gobara, kuma ta sami lambar wuƙar da ta fi dacewa da kuɗinta a bajekolin wuƙaƙe na Blade Show na 2012. Kamfanin Kershaw yana jihar Oregon, ƙarƙashin kamfanin Kai na Japan, amma wannan samfuri a Sin ake ƙera shi, shi ya sa farashinsa bai kai na 'yan'uwansa da ake yi a Amurka ba. Tsawon ruwanta kusan santimita 7 ne, ƙarfen kuma shi ne 8Cr13MoV, wanda ba ya riƙe kaifi na dogon lokaci amma yana karɓar wasawa cikin sauƙi. Wancan samfuri na farko gefensa biyu duk ƙarfe ne. A wannan da nake magana a kai an cire ƙarfen gefen gaba, aka sa fallen G10 baƙi a madadinsa, aka bar gefen makulli yadda yake.

G10 ba roba ba ce irin ta bokiti, ko da yake mai gani daga nesa zai iya zaton haka. Ƙyallen zaren gilashi ne ake jerawa falle bisa falle, a jiƙa shi da wani irin danƙo mai daskarewa, a matse shi da zafi har ya zama allo mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ba ya kumbura da damina, ba ya tsagewa da hunturu kamar yadda itace yake yi. Idan aka duba fuskarsa da kyau za a ga saƙa ƙanana ƙanana, kamar ta buhun algarara da aka daskarar, kuma wannan saƙa ce fatar hannu take kamawa. Yana da ɗan'uwa da ake kira Micarta, wanda ake yi da ƙyallen lilin ko zanen tamfol ko takarda, shi kuma yana da laushin taɓawa, yana yin duhu da man hannu a hankali, kuma mutane da yawa sun fi son riƙonsa idan ya jiƙe. Tunanin dai ɗaya ne da na dukawanmu da suke naɗe mariƙin wuƙa da jan fata: ƙarfe ya yi yanka, wani abu dabam ya zauna a hannu.

A riƙon da aka saba da hannun dama, gefen G10 ne yake kallon hagu, saboda haka kan yatsu da babban yatsa ne suke sauka a kansa, gefen ƙarfe kuwa yana kwanciya a tafin hannu da gindin yatsu. Wannan rabo yana da ma'ana, domin kan yatsu ne suke hana wuƙa juyawa, kuma a nan ne na ga bambanci mafi girma. Na gwada ta da hannun da ya jiƙe da gumin bazara ina yanka kwali, na gwada ta bayan na wanke kwano da sabulu, na kuma gwada ta da busasshen hannun hunturu, wanda mutane ba su cika lissafa shi ba alhali shi ma yana zamewa a kan ƙarfe kamar an barbaɗa gari. A duka ukun kan yatsuna sun tsaya inda na sa su. Fallen ya kuma rage mata nauyi, abin da ake ji sosai a aljihun kaftani, sannan da sanyin asuba gefe ɗaya ne kawai yake da sanyin ƙarfe.

Amma wanda ya yi zaton fallen ya kashe maganar santsi gaba ɗaya zai ga ba haka ba ne, kuma wannan hali ne na duk wuƙar da aka gina bisa wannan tsari, mai tsada da mai araha. Rabin mariƙin yana nan a ƙarfensa. Abin da yake cike giɓin shi ne siffar mariƙin: akwai kwarmin da manuniya take shiga, akwai ɗan kunnen da ake dannawa a buɗe wuƙar, wanda idan ta buɗe yake komawa ƙasa ya zama shinge tsakanin yatsa da kaifi, akwai kuma tsage-tsagen da aka yi a gadon bayan ruwan domin babban yatsa. A ganina waɗannan ukun suna yin aikin da ya kai na fallen G10, kuma da tsohuwar wuƙata ta kasuwa tana da shingen nan kaɗai, da jinin da na zubar ranar Sallah bai zuba ba. Mariƙin dai gajere ne. Mai babban hannu zai ga ƙaramin yatsansa yana neman wurin zama a ƙarshe.

Akwai wani ɗan faifai mai kama da kwabo da aka ɗaure da sukuru a gefen makulli, wanda mutum zai ɗauka ado ne. Dabarar Hinderer ce, kuma aikinsa shi ne hana sandar makullin wuce gona da iri idan ana tura ta waje domin naɗe wuƙar, tunda babu wani falle a bayanta da zai tare ta. A wuƙar da makullinta yake ɓoye a ciki, murfin mariƙin ne yake yin wannan aiki ba tare da kowa ya lura ba, amma makullin firam tsirara yake, kuma idan aka riƙa lanƙwasa sandar waje fiye da kima, ƙarfin da take komawa ciki da shi yana raguwa. Wannan ne ya sa wasu maƙera suke ɗora falle a gefen makullin ma, su rufe mafi yawan sandar su bar gabanta kaɗai a buɗe. Hakan yana ba da riƙo iri ɗaya a gefe biyu, yana kuma hana yatsu danne sandar a lokacin buɗewa, domin dannewar tana sa ruwan wuƙa ya yi nauyin fitowa. Abin da ake rasawa shi ne amfanin nan na farko, wato damƙar hannu ta daina ƙara wa makulli ƙarfi, mariƙin kuma ya ƙara kauri. Ita Sebenza hanya ta uku ta bi a wasu samfuranta, inda ake sassaƙa rami a jikin titaniyom a dasa itace ko Micarta a ciki. A Cryo matsalar danne sandar ba ta cika damun mutum ba, saboda tana da sifirin, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai turawa, da yake ƙarasa buɗewar da zarar an taɓa kunnen, dabarar da maƙerin wuƙaƙe Ken Onion ya ƙirƙira wa Kershaw.

Barin gefe ɗaya sumul yana da wani alheri da ban lura da shi ba sai da na daɗe da wuƙar. Maƙalin aljihu a gefen ƙarfe yake danna yadi, saboda haka bakin aljihu yana shiga yana fita a kan santsi, alhali da a kan saƙar G10 yake gogawa, da cikin 'yan watanni ya fara zare, musamman shadda mai laushi. Bahago kuwa sai ya yi tunani kafin ya saya, domin a hannun hagu komai yana juyawa: kan yatsunsa za su sauka a kan ƙarfe da sandar makulli, G10 ya koma tafi, kuma sakin makullin da babban yatsan hagu yana bukatar sabo.

Kulawarta ba ta da wuya. Saƙar G10 tana tara ƙura da busasshen kitse har baƙinta ya koma toka-toka, amma tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu suna dawo da ita, sai a busar da ita a ɗiga ɗan mai a kusar da ruwan yake juyawa a kanta. Wurin da ba a so mai ya taɓa shi ne fuskar da sandar makulli take haɗuwa da gindin ruwan, domin nan gogayya ake bukata. Sukurorin masu kan tauraro ne, saboda haka sukundireban gida ba zai kama su ba, kuma gara a nemi na daidai da a lalata kansu.

Ga mai buɗe kwali, yanke igiya, feƙe fensir da ɓare lemo, wannan wuƙa ta ishe shi, kuma tsakanin samfuran biyu ni na G10 zan sake zaɓa. Ba wuƙar fiɗa ba ce, ba kuma a yi ta domin haka ba, tunda jini da kitse suna shiga cikin sifirin da kusar su daskare. A Sallar da ta wuce na bar wa mahauci aikinsa da doguwar wuƙarsa mai mariƙin fata, ni kuma na yanke igiyar cinyar da Cryo, da hannu mai kitse kamar wancan karon, yatsata tana bayan ɗan kunnen.