Gidan Abinci ko Mashaya: Ina Ya Fi Dacewa a Kai Baƙi Cin Abincin Dare?

Ɗan'uwa, ka ce ka tare a wata sabuwar unguwa a cikin birni, abokan aikinka za su kawo maka ziyara da yamma, kuma a layinku akwai ƙaramin gidan abinci, akwai kuma mashaya da take dafa abinci, kai kuwa ba ka shan barasa, shi ya sa kake tambayar inda ya kamata ka kai su. Ni dai a ganina gidan abincin ya fi dacewa da buƙatarka, sai dai akwai fannin da mashayar ta fi shi, kuma gara ka san shi kafin ka yanke shawara.

Tushen bambancin shi ne inda kowane gida yake samun ribarsa. Gidan abinci a faranti ribarsa take, don haka hankalin mai shi yana kan madafa, da kukun da ya ɗauka, da kayan da ake sayowa kullum, domin ranar da girkin ya lalace, ranar ce masu zuwa za su fara ja da baya. Ita kuwa mashaya ribarta a kofi take, saboda abin sha ba ya buƙatar girki, kuma yana iya daɗewa a ajiye bai lalace ba. Abinci a wurinta ɗan rakiya ne, aikinsa ya zaunar da mutum ya ƙara wani kofin. Wannan ne ya sa jerin abincinta yakan zama gajere, mafi yawansa soye-soye da gashe-gashe masu gishiri da ke jawo ƙishirwa, kuma sau da yawa akan rufe madafarta tun dare bai yi nisa ba, alhali ana ci gaba da sayar da abin sha. Wanda ya zo da yunwa ta gaske, ko yake tare da mai hawan jini da aka hana shi yawan gishiri, zai fi samun zaɓi a gidan abinci.

Amma wannan lissafin ne kuma ya ba mashaya fifiko a wajen zama. Mai gidan abinci yana so tebur ya karɓi rukuni biyu ko uku a dare guda, don haka da zarar an kwashe farantai, za ka ga ma'aikaci yana kai-kawo a gefenku, ko ya ajiye takardar kuɗi ba a nema ba, wanda a fakaice sallama ce. A mashaya babu mai korar kowa, domin daɗewar baƙo ita ce cinikin. Idan abokanka ba lokaci ɗaya za su iso ba, ko kuma kallon ƙwallo ne ainihin abin da zai haɗa ku, to nan ta fi sauƙi.

Sai dai zama daban, hira daban. Magana ta yau da kullum ba ta cika wuce desibel 60 a ma'aunin ƙara ba, kuma masana lafiyar ji suna ɗaukar desibel 85 na tsawon awa takwas a matsayin iyakar da kunne yake fara cutuwa. Mashaya mai kiɗa da talabijin tana iya kaiwa can idan ta cika. Tun a 1911 wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba idan hayaniya ta kewaye shi, don haka kowane tebur yana ƙara wa na kusa da shi ƙara, har a kai ga mutum ba ya jin kowa sai wanda ke gefensa. Ga wanda yake so ya saba da abokan aiki, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwai kuma batun hayaƙin taba. Ƙasar Ireland ce ta fara hana shan taba a dukkan wuraren aiki na cikin gini, har da mashayu, a 2004, ƙasashe da dama kuma suka bi sahunta, amma doka da kiyaye ta sun bambanta daga birni zuwa birni, don haka sai ka leƙa ka gani da idonka.

A batun tsabta, suna ba ya wanke kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma suna rasuwa. Shawararta ita ce a dafa abinci har zafinsa ya kai digiri 70, a ajiye mai zafi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. A nan kowane gida da inda yake da rauni. Haɗarin gidan abinci shi ne tukunyar da aka sauke tun rana take jiran masu saye tana hucewa. Na mashaya kuwa shi ne naman da ya kwana biyu a firij saboda masu neman abinci ba su da yawa, da kuma ƙanƙarar da ake sakawa a kofi, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta idan ruwan da aka yi ta da shi ba mai tsabta ba ne. Gidan da ke cike da masu cin abinci, ba masu sha kawai ba, shi ne abincinsa ba ya kwana. Ka kuma duba bayan gida da wurin wanke hannu, domin wanda ya yi sakaci da abin da baƙo zai gani, da wuya ya kula da madafar da ba a shiga.

Saura kuɗi. A gidan abinci kana iya ƙiyasta abin da za ka kashe tun daga jerin farashi, muddin ka tambayi ko an haɗa haraji da ladan hidima a ciki. A mashaya lissafi a buɗe yake, yana hawa da kowane zagaye, kuma idan aka ce a raba daidai a ƙarshe, wanda ya sha lemo shi ne yake biya wa wasu. Tunda kai ne mai gayyata, nauyin zai fi faɗowa a kanka.

Saboda haka ka je gidan abincin kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da kuke shirin zuwa, ka ɗanɗana girkinsu, ka tambayi ƙarfe nawa suke rufe madafa, sannan ka nemi su keɓe muku tebur nesa da ƙofa, ka kuma gaya musu tun farko cewa za ku ɗan jima kuna hira bayan cin abinci.