Cire alamar / daga ƙarshen adireshin shafin intanet: Apache ko Nginx?

A wurin Google, /takalma da /takalma/ shafi biyu ne daban, ko da kayan ciki ɗaya ne. Shi ya sa masu haɗa wa 'yan kasuwar Sakkwato shafukan sayar da kayan fata ke tura mai alamar zuwa marar ita da lambar 301, wato ƙaura ta dindindin.

Apache da Nginx manhajoji ne masu tafiyar da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. A Apache, cikin fayil ɗin saiti mai suna .htaccess ake rubuta dokar turawar, kuma da an adana ta fara aiki. Wannan ya fi dacewa da mai hayar sabar haɗaka mai araha, wanda ba shi da ikon taɓa babban saiti. Amma a kula: Apache da kansa yana ƙara alamar ga duk adireshin babban fayil na gaske, wato folda da ke cikin sabar. In ba ka sa sharaɗin !-d ba, wanda ke cewa dokar ta ƙyale irin wannan folda, kai kana cirewa yana mayarwa, har burauza ta gaji ta tsaya. Wannan sharaɗin ban yarda a tsallake shi ba.

Nginx kuwa bai san .htaccess ba sam. Dokarsa gajera ce, amma shi ma yana ƙara alamar ga folda ta gaske, don haka a kula; a babban saiti ake rubuta ta, kuma dole a sake loda saitin. Mai sabar kansa, wannan zan zaɓa masa.