Farantin gashi mai gurabu 12: yadda ya yi mini wajen gasa Yorkshire pudding

Na sayi wannan faranti na baƙin ƙarfe ne musamman domin gasa Yorkshire pudding, wato gasasshen ƙullin nan na fulawa da ƙwai da madara da mutanen Ingila suke ci da gasasshen naman sa da romo ranar Lahadi. Sirrin abincin duka zafi ne, domin babu yis a cikinsa, tururin da ke tashi daga ƙullin shi ne yake kumbura shi. A nan ne farantin ya burge ni, saboda kaurin ƙarfensa yana riƙe zafi sosai. Na zuba kitse kaɗan a kowane gurbi, na bar shi a obin mai zafin digiri 220 har ya fara hayaƙi, kuma da na tsiyaya ƙullin da ya huta na awa ɗaya, nan take ya yi ƙara, gefensa ya fara kamawa. Bayan kimanin minti 20, ba tare da na buɗe obin ba, kowanne ya taso ya yi ja, gefe da ƙaras-ƙaras, tsakiya da rami mai laushi inda romo yake taruwa.

Aibinsa kuwa shi ne hannuwansa ƙanana ne ƙwarai, ga nauyi, kuma ɗaukar faranti cike da kitse mai zafi a haka yana buƙatar natsuwa. Yana kuma yin tsatsa idan aka wanke shi ba a busar ba, don haka nakan shafe shi da mai kafin in ajiye.